Shin Duniyar Nan Kwaikwayon Kwamfuta Ce? Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini da Amsoshinsu

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a cikin birnin Kano, da yamma kuma nakan zauna a shagon gyaran waya na ƙanena. A aji da shago, magana ɗaya ce ke ta dawo mini: wai Turawa sun gano duniyar nan ba ta gaske ba ce, shiri ce da ke gudana a cikin wata kwamfuta. Wasu cikin raha suke tambaya, wasu kuwa kana ganin damuwa ƙarara a fuskarsu. Amsar tsaye-tsaye ba ta wadatar da irin wannan magana, shi ya sa na zauna na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa. Inda wata amsa ta jingina da wata, na nuna lambarta.

1. Malam, me ake nufi da cewa duniya "simuleshan" ce?

Shiga gidan gem na unguwarku ka tsaya bayan yaran da ke buga ƙwallo a PlayStation. Ga fili, ga ciyawa, ga 'yan kallo suna ihu, ƙwallo na tashi sama tana faɗowa kamar nauyi ke janyo ta. Amma in ka kwance akwatin, ba ciyawa ba ƙwallo, sai faranti mai ƙananan na'urori da ke lissafi cikin sauri. Wannan shi ne kwaikwayon kwamfuta, wanda samari ke kira simuleshan: a ɗauki dokokin da wani abu ke bi, a mayar da su lissafi, na'ura ta riƙa tafiyar da su. Da irinsa ake hasashen yanayi, da shi kuma matuƙan jirgin sama ke koyon tuƙi kafin su taɓa jirgi na gaske.

Masu wannan ra'ayi cewa suke, wataƙila mu ma haka muke. Dutsen Dala, cunkoson Kantin Kwari, ƙamshin tsire da magariba, ciwon haƙori, har tunanin da kake yi yanzu, duka lissafi ne a cikin wata na'ura da wasu halittu da suka fi mu ci gaba suka ƙera. Ka riƙe wannan: ba cewa suke kana da jiki a wani wuri an jona maka wayoyi a ka ba. Cewa suke kai kanka lissafin ne. Bambancin zai yi amfani a tambaya ta 7.

2. Wa ya fara kawo maganar?

Wanda ya tsara ta a matsayin hujja shi ne Nick Bostrom, masanin falsafa ɗan ƙasar Suwidin, cikin wata maƙala da ya wallafa a 2003 yana Jami'ar Oxford ta Ingila. Tun kafin shi, a 1969, Konrad Zuse, Bajamushen da ke cikin waɗanda suka fara ƙera kwamfuta, ya rubuta cewa mai yiwuwa halitta gaba ɗayanta lissafi take yi. Fim ɗin The Matrix na 1999 ya cusa hoton a kan jama'a. Amma abin da ya kawo ta wayoyinmu, a ganina, guntun bidiyon Elon Musk ne na 2016, inda ya ce yiwuwar muna cikin duniya ta asali ɗaya ce cikin biliyoyi. Ya kafa hujja da wasan Pong, wanda ya fito a 1972 da 'yan layuka biyu da ɗigo ɗaya, ya ce ku dubi inda gem ya kai yau, ku ƙiyasta inda zai kai gaba.

3. Yaya ainihin hujjar Bostrom take?

Abu na farko, Bostrom bai ce muna cikin kwaikwayo ba. Cewa ya yi ɗaya cikin abu uku dole ya zama gaskiya. Ko dai kusan duk al'ummar da ta kai matakinmu takan hallaka kafin ta iya ƙera kwamfutar da za ta kwaikwayi mutane masu hankali. Ko takan kai, amma ba ta ra'ayin yi. Ko kuma, in biyun farko sun faɗi, kusan tabbas muna ciki. A ƙarshen maƙalar shi da kansa ya ce, da ɗan abin da aka sani yanzu, gara mutum ya raba zatonsa kusan daidai tsakanin ukun.

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina ta ukun. Ɗauka akwai wata kasuwar atamfa inda a kan kowane turmi ɗaya na asali akwai turmi dubu na kwaikwayo, kuma kwaikwayon ya yi kyau har dillalin da ya shekara talatin a harkar ba ya iya bambancewa da ido ko da hannu. Aka rufe maka ido, ka ɗauki turmi ɗaya. Wanne ke hannunka? Hankali zai ce na kwaikwayo. To in duniya ta asali ɗaya ce, ta kwaikwayo dubbai, kuma mazauna kowace suna jin kansu na gaske, ƙidaya za ta jefa ka cikin masu yawa.

Lissafin daidai ne, ba ni da ja a kansa. Sai dai kasuwar nan ba wanda ya taɓa shigarta, turmin kwaikwayo ko ɗaya ba a buga ba tukuna. Hujjar gaba ɗaya a kan "in" biyu take tsaye: in na'ura za ta iya ɗaukar aikin (tambaya ta 6), in kuma lissafi zai iya zama ji da sani (tambaya ta 7).

4. An ce masana kimiyya sun tabbatar. Gaskiya ne?

A'a. Babu gwaji ko ɗaya da ya nuna haka. A wata muhawara da aka yi a birnin New York a 2016, masanin taurari Neil deGrasse Tyson ya ce a wajensa rabi da rabi ne, alhali Lisa Randall, masaniyar fiziks ta Jami'ar Harvard da ke zaune a teburin, ta ce a wajenta kusan sifili ne. A 2020 David Kipping na Jami'ar Columbia ya sake lissafin ya samu ƙasa da rabi kaɗan. Sabine Hossenfelder, masaniyar fiziks Bajamushiya, cewa ta yi ma ba kimiyya ba ce sam.

Ka ga daga sifili har kusan ɗari bisa ɗari akwai mai riƙe da shi. Hakan ya isa ya nuna maka alƙaluman nan ba awon mudu ba ne. Kowa abin da ya ɗauka a matsayin sharaɗi tun farko shi ke fito masa a ƙarshen lissafi. In ka ga bidiyo mai taken "an gano", ka tambayi mai shi: da wace na'ura, a wane ɗakin gwaji, me aka auna?

5. Wannan sabon tunani ne na Turawa?

Kwamfutar ce sabuwa, shakkar tsohuwa ce. Kimanin ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masanin Sin mai suna Zhuangzi ya ba da labarin ya yi mafarki ya zama malam-buɗe-littafi, da ya farka ya rasa ko shi mutum ne da ya yi mafarkin ƙwaro, ko ƙwaro ne ke mafarkin ya zama mutum. A 1641 Bafaranshe René Descartes ya ƙaddara wani mugun aljani da ke yaudarar duk gaɓoɓin jinsa, ya nemi abin da zai rage wanda ba ya karɓar shakka.

Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne Imam Ghazali, wanda ya rasu a 505 Hijiriyya, wato 1111, kuma littattafansa na nan a zaurukan malamanmu na cikin gari. A cikin Al-Munƙidh minad Dalal ya faɗi yadda ya daina amincewa da idonsa. Ido na ganin inuwa a tsaye cak, bayan ɗan lokaci ka gane tafiya take sannu a hankali. Ido na ganin tauraro kamar girman dinari, lissafi kuma ya nuna ya fi ƙasa girma. Da ya koma ga hankali sai zuciyarsa ta ce masa: a cikin barci ma ai kana gaskata abin da kake gani, sai ka farka ka ga ba shi da tushe, to me ya tabbatar maka babu wani farkawa a gaban wannan? Ya ce ya yi kusan wata biyu a wannan hali, kuma ba jera hujjoji ne suka fitar da shi ba, wani haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa.

Nakan karanta wa ɗalibaina wannan don su san tambayar ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Babban malami ya shiga cikinta shekara ɗari tara da suka wuce, ya fita, ya kuma rubuta ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

6. Kwamfuta za ta iya ɗaukar irin wannan aiki kuwa?

Mu fara daga ƙarami. Akwai wata tsutsa da ake kira C. elegans, tsawonta kimanin milimita ɗaya, ƙwayoyin jijiyarta 302 kacal. Tun 1986 aka zana taswirar yadda suke haɗe da juna. Har yau masana na fama, ba su kai ga tsutsar kwamfuta da ke yin duk abin da ta gaske ke yi ba. A 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙuda, mai ƙwayoyi kusan 140,000 da mahaɗai fiye da miliyan 50, aka yi ta murna, kuma ta cancanci murna. Amma taswira ce, ba ƙuda mai tashi ba. Ƙwaƙwalwar mutum ɗaya kuwa ƙwayoyinta kimanin biliyan 86 ne.

Bostrom ya ƙiyasta cewa kwaikwayon tunanin dukan 'yan Adam da suka taɓa rayuwa zai ci lissafi da yawansa ya kai lamba 1 mai sifili 33 zuwa 36 a bayanta. Kwamfutar Frontier ta Amurka, wadda a 2022 ta kai lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, za ta shekara fiye da miliyan 30 tana aiki kafin ta gama mafi ƙanƙantar wannan ƙiyasi. Amsarsa ita ce al'ummar da ta ci gaba za ta iya mayar da duniya sukutum ta zama kwamfuta. A takarda ba wuya. A shagonmu kuwa kullum ina taɓa wayar da gem na awa ɗaya ya sa ta zafi har batirinta ya kumbura. Lissafi wuta yake ci, zafi yake fitarwa, kuma wannan doka ba ta san girman na'ura ba.

In kuma ana nufin kwaikwayon halitta gaba ɗaya har ƙwayar zarra, abin ya fi haka nisa. Ana ƙiyasta zarrar da ke sararin da muke iya hange da lamba 1 mai sifili 80. Ƙwayoyin kwantam, wato ƙananan ƙwayoyi irin na cikin zarra masu bin dokoki dabam da na abubuwan da muke gani, guda 300 kaɗai, in suka sarƙe da juna, lambobin da ake buƙata don rubuta halinsu cikakke sun fi wannan adadi yawa. Masu ra'ayin sukan ce ai duniyar waje dokokinta daban ne, kwamfutocinta sun fi namu. To in haka ne, misalin Pong da duk wani ƙiyasi da aka yi da kwamfutocinmu ya tashi aiki, domin ba ma iya auna abin da ke can da ma'aunin nan.

7. Ko an iya, mutumin cikin kwamfuta zai ji zafi da daɗi kamar ni?

Nan ne gizo ke saƙa. Bostrom ya faɗa a fili cewa ɗauka ya yi hankali bai damu da mazubinsa ba, ko a nama ko a ƙarfe, in dai lissafin ya yi daidai. Ɗauka ce, ba a tabbatar ba. John Searle, masanin falsafa Ba'amurke, tun 1980 ya yi jayayya da irin wannan tunani. Misalinsa mai sauƙi ne: kwamfutar da ke kwaikwayon ruwan sama ba ta jiƙa kowa. Duk yadda ta nuna hadarin Agusta ya haɗo daga gabas, teburin da take kai a bushe yake.

Ɗaya ɓangaren kuma suna da amsa mai ƙarfi. Kalkuleta in ta haɗa 7 da 5, ba kwaikwayon lissafi ta yi ba, lissafin ta yi. To hankali irin ruwa ne ko irin lissafi? Ba wanda ya warware wannan. ChatGPT na iya rubuta maka "na ji haushi" da kyakkyawar jimla, amma rubuta kalmar daban, jin abin daban. Mu da muka yi imani da ruhi muna da ƙarin dalilin tsayawa, domin a Suratul Isra'i aya ta 85 an gaya mana ruhi na daga al'amarin Ubangiji, kuma kaɗan aka ba mu na ilimi. In lissafi ba ya zama ji, to duk turamen kwaikwayon tambaya ta 3 babu mai kallo a cikinsu, ƙidayar kuma ta rushe.

8. An ce iyakar gudun haske da abubuwan kwantam alamu ne na kwamfuta. Fa?

Abu uku ake yawan kawowa. Haske na gudun kilomita 299,792 a daƙiƙa, ba abin da ke wuce shi, sai a ce wannan iyakar saurin injin ne. Akwai wani ɗan tsawo da ake kira ma'aunin Planck, ƙanƙane ƙwarai, sai a ce shi ne ɗigon hoto, kamar yadda hoton waya ke farfashewa gida-gida in ka ja shi da yatsa. Sannan ƙwayoyin kwantam ba su da tsayayyen hali sai an auna su, sai a ce ai haka gem ke yi, ba ya zana ɗaki sai ka shiga.

Kama da wane ba ta wane. Ma'aunin Planck wuri ne da ƙa'idojinmu na yanzu ke daina aiki, ba a taɓa nuna cewa sarari a yanke yake gida-gida ba. "Aunawa" a kwantam ba ta buƙatar idon mutum, na'ura ko cin karo da wata ƙwaya ya wadatar. Kuma wanda ke son tsimin lissafi ba zai zaɓi dokokin kwantam ba, su ne mafi cin lissafi, kamar yadda na nuna a tambaya ta 6. Akwai kuma abin lura daga tarihi: lokacin da agogo ne na'urar da ta fi burge Turai, masanansu da yawa sun kamanta halitta da agogo. Yau kwamfuta ke hannunmu.

9. To bidiyoyin da ake gani na jirgi ya tsaya cak a sama, da jin kamar ka taɓa ganin abu fa?

Jirgin da ya "tsaya" galibi daga cikin mota aka ɗauke shi. In kana tafiya a hanyar filin jirgi, jirgi na saukowa daga nesa, gine-ginen kusa na wuce ka da sauri, sai ido ya ga na nesan kamar an kafe shi. Farfelar helikwafta da ke tsaye a bidiyo kuwa, saurin juyawarta ne ya yi daidai da adadin hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa. Gwada da kanka: ɗauki bidiyon fanka ko tayar adaidaita sahu, wani lokaci za ka ga tana juyawa baya. Da wannan na gamsar da wani kwastoma da ya zo da rantsuwa a bakinsa, muka tsaya ƙarƙashin fankar shago da wayarsa.

Jin kamar ka taɓa rayuwa wannan lokacin abu ne da yawancin mutane kan ji, ya fi yawa ga matasa da wanda ya gaji, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na danganta shi da ɓangaren da ke kula da tunawa. Haka masu cewa sun tuna Nelson Mandela ya mutu a kurkuku. An sake shi a 1990, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, ya rasu a 2013. Tunawarmu ce ke tuntuɓe, kuma duk wanda ya taɓa sauraron shaidu biyu a kan hatsari ɗaya ya san haka.

10. Akwai gwajin da za a yi a gane?

An gwada tunanin hanya. A 2012 Silas Beane da Zohreh Davoudi da Martin Savage suka ce in sarari a kan raga aka shimfiɗa shi, kamar yadda masana ke yi in suna kwaikwayon cikin zarra, to ƙwayoyi mafi ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya za su fifita wasu kusurwoyi a kan wasu. Ba a ga hakan ba. A 2017 kuma jaridu suka yi ta yaɗa cewa an tabbatar ba ma cikin kwaikwayo, alhali binciken da suka dogara da shi ya nuna ne kawai cewa wata hanyar lissafi ba ta iya ɗaukar wasu matsalolin kwantam a kwamfutocin da muka saba.

Babbar matsalar ita ce ra'ayin ba ya faɗuwa. In ba a ga raga ba, a ce ta yi ƙanƙanta. In an ga kuskure, a ce masu na'urar na iya goge shi daga tunaninmu. Kwatanta da ƙa'idar Einstein, wadda ta faɗi gwargwadon yadda hasken tauraro zai lanƙwasa kusa da rana, aka je aka auna a husufin 1919. Da ba a ga lanƙwasar ba, da ta faɗi. Maganar da ba abin da zai iya ƙaryata ta tana iya zama falsafa mai amfani, amma ba ta shiga layin abin da aka auna ba.

11. Ai Alƙur'ani ma ya ce rayuwar duniya wasa ce da wargi. Ba shi ke nan ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa mini daga masu kishin addini, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Ayoyin na nan: An'am 32, Ankabut 64, Hadid 20. Amma abin da muka ji daga malamanmu a tafsirin azumi shi ne, magana ce a kan ƙarancin darajar duniya da saurin gushewarta in aka gwada ta da lahira, da yadda take shagaltar da mutum. Ba cewa aka yi babu ita ba. Alƙur'anin nan dai ya ce a Dukhan 38 da 39 ba a halicci sammai da ƙasa da abin da ke tsakaninsu da wasa ba, da gaskiya aka halicce su. A Mu'minun 115 kuma aka tambaye mu ko muna zaton an halicce mu a banza.

Ni ba malamin tafsiri ba ne, ka kai wa malaminka ayoyin. Roƙona ɗaya: a daina kiran Lauhul Mahfuz "manhaja" ko mala'iku "injiniyoyi" don a burge matasa. Duk wanda ya ɗaure aya a jikin ra'ayin da ke tashe, ranar da ra'ayin ya faɗi zai bar yaro cikin ruɗu.

12. In akwai masu na'ura, ba su ne mahalicci ba kenan?

A'a, ko a ma'aunin hankali zalla. Masu na'urar, in suna nan, suna da farko, suna zaune a wani wuri, suna buƙatar makamashi, na'urarsu na iya lalacewa. Wa ya samar da su da duniyarsu? In ka ce su ma kwaikwayo ne, tambayar ta hau bene ɗaya ta tsaya tana jiranka. Malaman tauhidi sun daɗe da sanin wannan, suna kiransa tasalsul, wato sarƙar sababi marar farko, kuma sun ce hankali ba ya karɓarta. Ko a lissafin kwamfuta sarƙar ba ta tafiya har abada, domin kowane kwaikwayo dole ya gaza na'urar da ke ɗauke da shi, kamar takardar da aka yi ta yi wa hoton hoto har rubutun ya dushe. Ra'ayin bai amsa tambayar asalin samuwa ba, bai ma taɓa ta ba.

13. Yarona na yawan wannan magana. In hana shi?

Baba, kar ka fara da tsawa. Akwai nazari, akwai waswasi. Mai nazari yana tambaya, ya ji amsa, ya auna, ya ci abincinsa ya yi barci. Mai waswasi kuwa amsa ba ta isarsa, tambayar ce ke juya shi. A kan na biyun ne hadisin Bukhari da Muslim ya yi magana, inda Shaiɗan ke bin mutum da "wa ya halicci kaza" har ya kai ga Ubangiji, aka ce ya nemi tsari ya tsaya. In na farko ne, zauna da shi, ka ce ya bayyana maka hujjar da bakinsa, ku bi tambaya ta 3 da ta 5 tare. Yaron da aka kora da tambayarsa TikTok zai kai ta. In alamun na biyu ka gani, duba tambaya ta 15.

14. In duk kwaikwayo ne, me ya sa zan damu da kowa?

Wannan ce ta sa na rubuta shafin nan. A gem akwai mutanen da ba kowa ke sarrafa su ba, 'yan cike gurbi, ana kiransu NPC. Wata rana an tashi daga makaranta na ji wani ɗalibina, yaro mai kaifin basira, ya nuna wani dattijo mai tura kurar ruwa yana ce wa abokansa, "Wannan ai NPC ne." Suka kwashe da dariya. Dattijon na haki a kan hawa, jarkoki cike, silifas ɗinsa ɗaya ɗaure da waya. Na kira yaron na ce, "Zo mu tura masa." Muka kama har saman hawan. Da muka saki yana nishi, na tambaye shi ko kafaɗarsa na ciwo. Ya ce eh, Malam. Na ce to shi tun asuba yake yi.

Ko a cikin hujjar Bostrom babu inda aka ba ka lasisin cewa kai ne na gaske, saura cike gurbi. In kwaikwayo na iya ji, to mai kurar yana ji kamar yadda kake ji. In ba ya iya ji, to ba ma cikinsa, domin kai kana ji. Ta ko'ina ka bi, yunwar almajirin ƙofar gidanku tana nan yadda take. David Chalmers, masanin falsafa da ke ɗaukar ra'ayin da muhimmanci, shi ma matsayinsa ke nan: ko da a ce haka ne, abubuwan da ke kewaye da mu na gaske ne, abin da aka yi su da shi ne kawai ya saɓa wa zatonmu. Bashin da ka ci yana wuyanka, haƙƙin maƙwabci bai ragu da ƙwayar gero ba.

15. Ni ba gardama nake ba. Da gaske nake jin kamar duniya ba ta gaske ba ce, kuma ina tsoro. Me zan yi?

Ɗan'uwa, wannan daban ne da duk abin da ke sama, kuma ba kai kaɗai ba ne. Likitoci sun san yanayin: mutum ya ji kamar gilashi ya raba shi da duniya, ko yana kallon kansa daga gefe, ko muryoyin mutane na zuwa daga nesa. Rashin barci na kawo shi, haka tsananin damuwa, firgici bayan wani mugun abu, da shan wiwi ko ƙwayoyi. Jin haka ba shaida ba ce a kan yadda halitta take, alama ce ta ƙwaƙwalwar da ta gaji. Wani saurayi da ke zuwa shagonmu ya taɓa ce mini muryar mahaifiyarsa ta koma masa kamar daga rediyo. Da muka bi diddigi, ya fi wata guda ba ya kwanciya sai an kusa kiran assalatu, yana kallon irin waɗannan bidiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Yayansa ya raka shi asibiti, kuma ya samu sauƙi.

Ka ajiye bidiyoyin nan gaba ɗaya na ɗan lokaci, har da shafin nan. Ka fitar da waya daga ɗakin kwana, ka nemi barcin dare. Ka ci abinci cikin mutane, ka yi sallah cikin jam'i, ka kama aikin da hannu ke yi. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi. In abin ya wuce 'yan makonni, ko ya hana ka karatu da sana'a, ko kana jin muryoyi, ka ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma addu'a ba ta hana zuwa. In kuwa zuciyarka ta fara raya maka ka cutar da kanka don ka "farka" ko ka "gwada", kar ka kwana da wannan kai kaɗai. Ka tashi wani a gida yanzu, ku tafi asibiti tare.